Alhaji Umaru Futi, Baƙon Sarkin Musulmi Muhammadu Bello

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa domin bayinsa su yi tafiya a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, waɗanda suka yi hijira da waɗanda suka sauke su.

Bayan haka, ya 'yan'uwa malamai da fatake, duk wanda ya taɓa bin ayari zuwa Gwanja, ko ya ɗauki allo da buzu ya tafi gabas neman karatu, ya san abin da ake nufi da mai masauki. Shi ne wanda kake sauke kayanka a zaurensa a garin da ba ka da uwa ba ka da uba. Shi zai ajiye maka dukiya, ya nemo maka dillali, ya tsaya maka in za ka ci bashi, ya yi maka tafinta, ya kai ka gaban sarki. In ka yi ciwo ya yi jinya, in ajali ya zo ya yi maka sutura. Fatake suna ce masa mai gida ko fatoma, almajirai kuwa malamin da suka sauka a tsangayarsa shi ne mai masaukinsu. Shari'a ta sa wa baƙo hakkin liyafa na kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne daga mai gida, kuma ta hana baƙo ya daɗe har ya ƙuntata wa wanda ya sauke shi.

Yau za mu kawo tarihin wani babban malami wanda ya yi kusan shekara goma sha biyar a gidajen mutane, daga masauki zuwa masauki, tun daga bakin kogin Senigal har Madina. Ilminsa da ɗarikarsa da iyalinsa da jama'arsa, yawancinsu a gidajen masu masauki ya same su. A cikin masaukan nan duka babu inda ya daɗe kamar birnin nan na Sakkwato. Shi ne Alhaji Umaru ɗan Sa'idu, wanda aka fi sani da Shehu Umaru Futi, Allah Ya jiƙan sa.

Asalinsa da tashinsa

An haife shi a wani gari da ake kira Halwar, kusa da Fodor, a ƙasar Futa Toro, wajen shekarar 1796. Mahaifinsa Sa'idu malami ne, na gidan da ake ce wa Tal, daga cikin Toronkawa. To, mutanen Sakkwato sun san wannan suna, gama kakannin Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo Toronkawa ne, daga Futa Toro ɗin nan suka taso suka zo ƙasar Hausa tun zamani mai nisa. Saboda haka ranar da Umaru ya zo Sakkwato ya tarad da mutanen da harshensu ɗaya da nasa, asalinsu kuma ɗaya.

Ya haddace Alƙur'ani yana yaro, ya karanta fiƙihu da nahawu a wurin malaman ƙasarsu, sa'an nan ya tafi Futa Jalo neman ƙari, yana karatu yana karantarwa. A can ya sadu da wani malami mai suna Abdulkarimu, wanda ya fara ba shi wuridin Tijjaniyya. Shehu Ahmadu Tijjani kuwa bai daɗe da rasuwa ba a lokacin, gama a Fas ya rasu a shekarar 1815, ɗarikarsa kuma ba ta riga ta yaɗu a ƙasashen baƙar fata ba.

Wajen shekarar 1825 Umaru ya yi niyyar aikin hajji, ya tashi tare da ɗan'uwansa Aliyu da 'yan jama'a kaɗan. Ku tuna hajjin wancan zamani da ƙafa ake yin sa, ko bisa jaki da raƙumi, mutum ya yi shekaru bai komo ba, da yawa kuma ba su komowa. Babu guzurin da zai ishi mutum irin wannan tafiya. Sai dai ya riƙa sauka gari gari, ya karantar, ya yi rubutu, ya sayar da ɗan abin da ya ɗauko, mai masauki ya ciyar da shi har ayari na gaba ya shirya, sa'an nan ya haɗa shi da wasiƙa zuwa ga wani mai masaukin a gaba.

Ya bi ta ƙasar Masina, inda Shehu Ahmadu Lobbo ya yi jihadi a 1818 ya gina birnin Hamdallahi. Aka sauke shi a can. Ku riƙe sunan wannan birni, domin za mu komo gare shi.

Saukarsa ta farko a Sakkwato

Wajen shekarar 1826 ya iso ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ya riga ya rasu tun 1817, wato 1232 ta Hijira. Ɗansa Muhammadu Bello ne Sarkin Musulmi, Malam Abdullahi yana raye a Gwandu, Gidado ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, shi ne Waziri, kuma sha'anin manyan baƙi yana hannunsa. Umaru a lokacin matashi ne mai kimanin shekara talatin, ba shi da suna, ba shi da runduna, ba shi da dukiya. Ilminsa kaɗai ya shigar da shi majalisar malamai. Ya yi watanni a nan kafin ya ci gaba.

Zamanin nan kuwa zamanin tashin hankali ne tsakanin Sakkwato da Barno. Shehu Laminu ya fito da runduna ya nufo ƙasar Kano, har Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi ya mai da shi baya a farkon 1827. A daidai wannan lokaci akwai wani baƙo a birni, Baturen Ingila mai suna Kilafatan, wanda mutanen Sakkwato suke kira Abdullahi. Ya taɓa zuwa a 1824, Waziri Gidado ya sauke shi, aka rabu da shi lafiya. Da ya komo a 1826 sai ya zo da wasiƙa da kyauta waɗanda zai wuce da su wurin Shehun Barno. Sarkin Musulmi bai yarda baƙonsa ya ɗauki kaya daga gidansa zuwa ga wanda yake yaƙi da shi ba, aka karɓe su, aka hana shi hanya. Baturen ya yi ciwo ya mutu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827, baransa Landa ya binne shi a bayan gari. Kowane falke ya san wannan ka'ida: baƙo yana ƙarƙashin inuwar mai masaukinsa, abokan gabar mai gida kuwa ba abokan cinikin baƙo ba ne muddin yana cikin gidan.

Umaru ya ga wannan husuma ta Musulmi da Musulmi da idonsa, ta kuwa tsaya masa a rai. Ya yi sallama da Bello, ya bi hanyar hamada ta Fazzan zuwa Masar, daga nan ya ƙetara zuwa Hijaz.

Hidimar shekara uku

Ya sami hajjinsa na farko a shekarar 1828, wato 1243 ta Hijira. A Makka ya sadu da Sidi Muhammadul Gali, mutumin Magrib, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu Tijjani, wanda yake wakilin ɗarika a Hijaz. A nan Umaru ya yi irin baƙuntar da almajirai suka sani, wadda baƙo yake zama bara a gidan malaminsa. Ya ba da labari da kansa a cikin littafinsa Rimahu cewa ya miƙa wa shehin nan kansa da dukiyarsa, ya yi masa hidima kimanin shekara uku, ya bi shi zuwa Madina, bai saɓa wa umurninsa ba. A ƙarshen hidimar nan Sidi Gali ya ba shi izini cikakke, ya naɗa shi halifan Tijjaniyya a ƙasashen Sudan. Mutumin da daga baya dubban mayaƙa suka yi wa mubaya'a, sai da ya yi shekara uku yana tsaye a ƙofar wani.

Ya sake yin hajji a shekaru biyun da suka biyo, ya zauna da malaman Azhar a Alƙahira, sa'an nan ya juyo gida wajen 1830. A kan hanyar hamada ya tsara wata waƙa ta Larabci mai suna Tazkiratul Gafilina, wadda ya gina a kan ayar Suratul Hujurati da take umurni da sulhu tsakanin ƙungiyoyi biyu na muminai in sun yi faɗa. Manufarta nasiha ce ga Sakkwato da Barno su bar zub da jinin juna.

Da ya iso Barno, Shehu Laminu ya sauke shi a Kukawa da girmamawa. Amma zaman bai ƙare da daɗi ba. Baƙo ya zo da nasiha mai ɗaci ga mai gida, ga kuma sabuwar ɗarika da mutane suka fara shiga, har da na kusa da fada. Zukata suka ɓaci, Alhaji Umaru ya ɗaure kayansa ya yi yamma.

Zaman Sakkwato

Wajen shekarar 1831 ya sake shigowa Sakkwato, yanzu yana Alhaji, yana da littattafan da ya ɗauko daga gabas, da izinin ɗarika, da labarin ƙasashen da ya gani. Muhammadu Bello mutum ne mai son ilmi da masu ilmi, mawallafin Infaƙul Maisuri da wasu littattafai masu yawa a kan fiƙihu da mulki da magani, kuma yana ɗokin jin labarin Masar da Hijaz daga bakin wanda ya je. Ya karɓi baƙon nan hannu biyu biyu. Kwana uku na liyafa suka zama wata, wata ya zama shekara, har aka yi kimanin shekara bakwai.

Ku dubi abin da mai masauki ya yi wa baƙonsa a cikin shekarun nan. Ya ba shi wurin zama da abin ciyar da jama'arsa. Ya shigar da shi majalisarsa, yana shawara da shi. Ya bar shi ya karantar, almajirai suna taruwa a ƙofarsa. Sa'an nan ya yi masa abin da ya fi duka, ya aurar masa da 'yarsa Maryamu, baƙo ya zama suruki. A Sakkwato kuma aka haifa masa babban ɗansa Ahmadu a shekarar 1836, wanda daga baya ya gaje shi.

Baƙon shi ma bai zauna yana ci kawai ba. A shekarar 1836 Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa suka haɗa kai a kan Sakkwato, Bello ya fita da runduna, Alhaji Umaru yana cikinta. Aka yi gamo a Gawakuke, Allah Ya ba Sarkin Musulmi nasara, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda. Wannan shi ne hakkin mai gida a kan baƙon da ya daɗe, in wuta ta kama gidan ya ɗauki tulu tare da 'yan gida.

A nan ya ga abin da bai gani a Makka ko Alƙahira ba, wato daular da malamai suka kafa da hannunsu, mutane irinsa, masu harshe irin nasa. Ya ga yadda ake naɗa sarakuna a ba su tuta, yadda alƙalai suke hukunci, yadda ake tara baitulmali. Ya ga yadda Bello yake gina ribaɗi a bakin iyaka yana zaunar da mutane, kamar Wurno inda shi kansa ya fi zama a shekarunsa na ƙarshe. Ya karanta littattafan Shehu da na Malam Abdullahi da na Bello a kan hijira da jihadi da hukuncin wanda ya jiɓinci kafirai. A nan kuma ya wallafa littafinsa Suyufus Sa'idi, yana kare ɗarikarsa daga masu suka. Mutane suka karɓi wuridi daga hannunsa a Sakkwato da Gwandu, cikinsu har da Modibbo Raji, malamin Gwandu wanda daga baya ya koma Adamawa.

A nan akwai wata magana da aka daɗe ana ja a kanta. Mutanen Tijjaniyya sun ruwaito cewa Bello ya karɓi wuridi daga hannun baƙonsa. Malaman Sakkwato kuwa, tun daga gidan Waziri Gidado, sun tsaya a kan cewa ya zauna bisa Ƙadiriyyar mahaifinsa har ya koma ga Ubangijinsa. Wannan shafi ba wurin yanke hukunci a kan haka ba ne. Amma akwai abin da ɓangarorin biyu ba su yi saɓani a kansa ba: gidan Shehu gidan Ƙadiriyya ne, baƙo ya zo da wata ɗarika dabam yana kira zuwa gare ta a fili, duk da haka aka sauke shi shekara bakwai, aka ba shi 'ya, aka fita yaƙi tare da shi. Wanda yake ƙin gaisawa da maƙwabcinsa saboda bambancin wuridi ya kamata ya tsaya ya dubi wannan.

Bello ya rasu a Wurno a watan Rajab na 1253, wato Oktoba 1837, a can kabarinsa yake. Aka naɗa ƙanensa Abubakar Atiku. To, darajar baƙo a gari tana rataye ne ga wanda ya sauke shi, in mai masauki ya kau sai baƙo ya dubi hanya. Alhaji Umaru bai daɗe ba bayan rasuwar, wajen 1838 ya yi sallama ya tashi. Ya shigo birnin nan karo na farko da 'yan mutane kaɗan, ya fita da ayari babba: iyali, da almajirai, da barori, da littattafai, da dukiya, da Hausawa masu yawa waɗanda suka bi shi har ƙarshen rayuwarsu.

Komawa yamma

Ya sake sauka a Hamdallahi wurin Shehu Ahmadu Lobbo, ya yi watanni a can. Daga nan ya shiga ƙasar Segu ta Bambarawa, waɗanda sarakunansu ba Musulmi ba ne. Nan bai sami mai tsaya masa ba, Sarkin Segu ya tsare shi na wani lokaci kafin a sake shi. Wajen 1840 ya isa Futa Jalo, Almami Bubakar ya ba shi wuri a Jegunko, ya kafa makaranta da zawiya. A nan ya kammala Rimahu a shekarar 1845, littafin da har yau ake buga shi a gefen Jawahirul Ma'ani, yana hannun malamai a Kano da Kaulaha da Fas.

Abin da ya faru a Sakkwato ya sake faruwa. Mulkin Futa Jalo ya koma hannun wani Almami wanda bai sake da yawan jama'ar baƙon nan ba. A 1849 Alhaji Umaru ya yi hijira zuwa Dingirai, wuri ne a ƙarƙashin Sarkin Tamba mai suna Yimba, wanda ya yarda ya zauna. Ya gina ganuwa, ya yi ta sayen bindigogi da albarushi daga fataken bakin teku, matasan Futa Toro suna ta kwararowa. Da Yimba ya ga ƙarfin baƙonsa ya yi yawa sai ya kai masa hari a 1852, aka karya shi, Tamba ta faɗi. Daga ranar nan Alhaji Umaru ya bar zama baƙon kowa.

Labarin yaƙe-yaƙensa yana da tsawo, za mu taƙaita. Ya ci ƙasar Karta ya shiga Nyoro a 1855. A 1857 ya kewaye ganuwar Faransawa a Madina ta Khaso, a bakin kogin Senigal, kimanin wata uku, har ruwan kogi ya cika, Gwamna Faidarbe ya iso da jirgin ruwa ya kore shi. Sai ya juya gabas, ya shiga Segu a watan Maris na 1861, garin da aka taɓa tsare shi yana matafiyi.

Hamdallahi

A nan ne wuri mafi nauyi a cikin tarihinsa. Sarkin Segu Ali ya gudu ya fake a Masina. Shehu Ahmadu Lobbo ya rasu tun 1845, jikansa Ahmadu ɗan Ahmadu ne yake mulki. Ya karɓi Ali, ya ce ya musulunta a hannunsa kuma yana cikin amanarsa, ba zai ba da shi ba. Alhaji Umaru ya ce musuluncin nan na baki ne, gama ya tarad da gumaka a fadar Segu, kuma Musulmin da ya haɗa rundunarsa da ta kafirai a kan Musulmi hukuncinsa ya sauya. Ya rubuta hujjojinsa a cikin littafin da ake kira Bayanu Ma Waƙa'a, yana kafa dalili da littattafan malaman Sakkwato waɗanda ya karanta a gidan Bello. Wasiƙu suka yi ta kai da kawowa, sulhu bai yiwu ba.

A shekarar 1862 rundunoni biyu na Musulmi suka gamu, aka kashe mutane masu yawa, Alhaji Umaru ya shiga Hamdallahi, aka kama Ahmadu ɗan Ahmadu aka kashe shi. Birnin da ya sauke shi sau biyu yana matafiyi, da yaƙi ya shige shi karo na uku, jikan mai masaukinsa ya mutu a hannun rundunarsa. Asalin rigimar kuwa wani baƙo ne da mai gida ya ƙi ya ba da shi. Malamin da ya tsara waƙa a hamada yana jan kunnen Sakkwato da Barno, ga shi ya faɗa cikin irin abin da ya yi gargaɗi a kansa. Malamai sun yi ta magana a kan wannan yaƙi tun daga wancan zamani, waɗansu suna ganin hujja tana tare da shi, waɗansu suna ganin tana tare da mutanen Masina. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ne Zai yi hukunci tsakaninsu.

Mutanen Masina ba su haƙura ba. Suka tashi ƙarƙashin Ba Lobbo, suka haɗa kai da Shehu Ahmadul Bakka'i na Kunta, babban malamin Ƙadiriyya a Tambutu. Shi Bakka'in nan sananne ne wajen riƙon amanar baƙo, gama shi ne ya sauki Baturen Jamus Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, a 1853, ya ƙi ba da shi ko da Hamdallahi ta nema. Suka kewaye Alhaji Umaru a cikin Hamdallahi wata da watanni har abinci ya ƙare. Ya fita da dare ya nufi duwatsun Bandiyagara, aka bi shi, ya rasu a wani kogon dutse a Degembere a watan Fabrairu na 1864, cikin Ramadan na 1280. Allah Ya gafarta masa, Ya gafarta wa waɗanda suka yi yaƙi da shi.

Ɗa ya komo masaukin uba

Labarin bai ƙare a kogon nan ba. Ahmadu, wanda aka haifa a Sakkwato, ya riƙi mulki a Segu shekaru masu yawa, yana fama da 'yan'uwansa ta ciki, da Faransawa ta waje. Faransawa suka ci Segu a 1890, suka kwashe littattafan gidan zuwa Faris. Suka ci Nyoro a 1891, suka ci Bandiyagara a 1893. Ahmadu ya rasa ƙasa, ya rasa ganuwa, sai tsufa da jama'ar da ta ƙi rabuwa da shi. Ina zai nufa? Ya juya fuskarsa gabas, ya bi ta Dori, ya ƙetare Kwara ta ƙasar Zabarma, ya yi shekaru a kan hanya, yana nufin garin da aka yanke masa cibiya.

Ya iso ƙasar Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahmani, aka ba shi da jama'arsa wurin zama. Ya fita daga ƙasar nan yana goye, ya komo yana da shekara sittin da 'yan kai. Ya rasu a Maikulki a ƙarshen shekarar 1897. Masaukin da Bello ya buɗe wa uba, bayan shekara sittin ɗa ya zo ya tarad da shi a buɗe. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce alheri danƙo ne.

Mutanen Futa kuwa sun biya abin da aka yi musu. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na farko ya fita hijira zuwa gabas, jama'ar Ahmadu suka bi shi ƙarƙashin Bashiru, suna tare da shi har Burmi inda ya yi shahada a watan Yuli na shekarar. Kamar yadda kakansu ya tsaya tare da Bello a Gawakuke, haka suka tsaya tare da jikan gidan Shehu a ranar ƙunci. Waɗansu daga cikin waɗanda suka tsira suka zauna a 'Yan Leman ta ƙasar Haɗejiya. Waɗansu suka wuce har Hijaz, cikinsu akwai Alfa Hashimu, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru, wanda ya zauna a Madina yana karantarwa yana fatawa har ya rasu a 1931. Gidansa ya zama wurin da alhazan ƙasashenmu suke nufa in sun isa birnin Annabi, Hausawa da Fulani da Barebari, yana sauke su yana tsaya musu. Zuriyar baƙo ta zama mai masaukin jikokin waɗanda suka sauki kakanta.

To, 'yan'uwa, yau jirgin sama yana kai alhaji Jidda a cikin 'yan sa'o'i, tafiyar da ta ci wa Alhaji Umaru kusan shekara uku. Amma har yanzu ɗalibin da ya tafi Azhar ko Madina, da falken da ya sauka a zangon Kumasi ko Agadas, yana bukatar wanda zai buɗe masa ƙofa, gama da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya sauki baƙo ya tuna Bello bai san abin da matashin Futa zai zama ba ranar da ya fara sauke shi, malami matafiyi kawai ya gani ya girmama shi. Wanda aka sauke kuma ya tuna gidan da ya ci tuwonsa yana da hakki a kansa da kan 'ya'yansa, ko bayan mai gidan ya mutu, ko bayan baƙon ya fi mai gidan ƙarfi.

Allah Ya jiƙan Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello da Waziri Gidado, Ya jiƙan Alhaji Umaru da Shehu Ahmadu na Masina da zuriyarsu baki ɗaya. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya haɗa su da masu masauki na kirki, Ya komo da su gida lafiya. Amin.